Ɗan Farin Koci

Shafi na 19

Jama'a ku sassauta mini. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. 'Yan ɓangaren Tajuddeen suna cewa na tsani yaron mutane, 'yan ɓangaren Mas'udu suna cewa ba ni da imani. Wata baiwar Allah har rantsuwa ta yi, wai in Mas'udu bai fara wasan Asabar ba ta daina karanta ni har abada. Yo ni ce koci? Labari nake ba ku yadda ya zo. Ku gyara zama.

*

Da safiyar Alhamis Alhaji Ibrahim, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Mikiya, ya kira zama a rumfarsa ta hatsi da ke kasuwar Gusau. Shi dama ofis bai dame shi ba, duk wata maganar ƙungiya a kan buhun gero ake yanke ta. Su uku ne: shi, da Koci Dalhatu, da mataimakin koci, Dogo, wanda sai ya ranƙwafa yake shiga rumfar.

Maganar ɗaya ce. Jibi Asabar Mikiya za ta karɓi ƙungiyar da ta fi kowa maki a bana, kuma an ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallo. Cikin biyar ɗin da za su fara wasa, huɗu kowa ya san su. Gefen dama ne ya rage, kuma mutum biyu ke nemansa: Tajuddeen ɗan Tsafe, da Mas'udu, ɗan farin Koci Dalhatu.

Ko'ina ka je, koci ake zargi da tura ɗansa gaba. A Mikiya abin a juye yake. Gari duka na son a sa ɗan koci, kocin ne ya ƙi.

Dalhatu ya zo da shirinsa. Ya ɗebi ƙwayar masara daga bakin buhu ya jera a kan benci, biyar nan biyar can, ya shiga bayani. Ya ce ɗan gefen baƙin nan ba ya tsayuwa wuri ɗaya, in ba a haɗa shi da mai ƙafa ba zai yi ta ratsa su yadda ya ga dama. Tajuddeen kuwa in ya manne wa mutum sai ka ce kaska, ba ya gajiya, ba ya musu, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Ya ce wasa da manya daga tsaro ake fara shi, jifa daga baya take zuwa. Kuma duk gaskiya ya faɗa, ba mai cewa ya yi ƙarya.

Alhaji ya saurara har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce shi ma yana da ido. Baƙin nan dogaye ne, cunkushewa suke yi ƙarƙashin kwando, ba mai kutsawa ya fito da ƙwallo a hannunsa. Sai an samu mai jifa daga nesa ya jawo su waje. Tajuddeen kuwa Allah ya ba shi ƙafa bai ba shi hannu ba, ko shi kaɗai aka bari da kwando sai ya waiga neman wanda zai miƙa wa.

"Wa ke gare mu mai jifar nesa in ba Mas'udu ba?" in ji Alhaji.

"Shina benci," Dalhatu ya ce. "In an buƙace shi sai ya shigo."

"Bayan an ba mu ratar da ba mu iya kamowa."

Dalhatu ya ce ai jifa ba ita kaɗai ce wasa ba. Yaron ga yana da sakaci wajen tsaro, yana bin ƙwallo da ido ya manta da mutuminsa. Ya ce ko satin da ya wuce kowa ya ga yadda aka zagaya ta bayansa aka jefa wadda ta kashe su.

Duk wannan Dogo na gefe yana saurare. Tare suka yi wasa da Dalhatu tun suna samari, shi kaɗai ne a ƙungiyar yake iya gaya masa magana ba a sa masa gishiri ba. Sai da ya ji an ambaci satin da ya wuce sannan ya gyara zama.

"Koci, in yi magana?"

"Yi."

"Ba ta da daɗi."

"Yi dai."

"Ranar nan ina kusa da kai. Kai ka fara ganin mutumin ya zagaya, tun kafin kowa ya gani. Na ga bakinka ya buɗe. Mi kac ce?"

Dalhatu ya ɗauki ƙwayar masara ɗaya yana juya ta.

"Cewa ka yi, kai yaron ga! Yara biyar ke cikin fili, Koci. Huɗu sunka waigo. Shi ɗai ne bai waigo ba, don bai taɓa zaton da shi kake ba."

To ga wanda bai san gidan su Dalhatu ba, ga inda gizo ke saƙar. Mutumin Bungudu ne, kuma gidansu gidan kunya ne na gaske, irin wanda uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya kallonsa cikin mutane. Tun da aka raɗa wa Mas'udu suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakin ubansa ba. A gida ba wata matsala, haka kowa ya tashi ya gani. Sai ga shi Allah ya yi yaron da tsawo da hannu, ya shigo ƙungiyar da ubansa ke koyarwa. A wajen atisaye in Dalhatu zai gyara masa wani abu, sai ya ce, Dogo, gaya wa yaron ga ya sauke kafaɗa. Dogo ya juya ya faɗa. A atisaye wannan yana tafiya. A cikin wasa kuwa, kafin Dogo ya juya an riga an jefa an koma. Dogo ya taɓa ba shi shawara ya riƙa kiran lambar rigarsa, ya ce ina, ai lamba ma suna ce tunda kowa ya san mai ita.

Dogo ya ci gaba da cewa sakacin da ake ta faɗi, ba yaron da ba ya yinsa a filin nan. Tajuddeen ma yana yi. Bambancin kawai, kafin Tajuddeen ya yi nisa Koci ya ƙwala masa kira ya dawo hanya. Shi kuwa wancan shi kaɗai yake wasansa, kamar wanda ba shi da koci.

Ran Dalhatu ya ɓaci, don an taɓa inda ke masa ciwo. Ya tattare masarar nan ya watsa cikin buhu.

"So kuke a ce Dalhatu ya ajiye ɗan mutane ya sa nashi?"

"Wa zai ce?" Alhaji ya tambaya. "Garin ga kaf roƙonka ake ka sa shi."

"Ni zan ce."

Alhaji ya ce shi dai tun da ya kafa ƙungiyar nan bai taɓa zaɓar wa koci ɗan wasa ba, kuma ba yau zai fara ba. Gobe Juma'a bayan La'asar Koci ya kira biyar ɗinsa kamar yadda aka saba, duk wanda ya kira shi ke nan.

Sai da suka fito daga layin hatsi Dogo ya riƙo hannun rigarsa. Ya ce akwai abin da bai so ya faɗa gaban Alhaji ba. Wata ƙungiya a Legas ta daɗe tana kiran Mas'udu, yana ta ja musu rai. Jiya yaron ya same shi ya ce masa ya gaji. Masu zaɓe ba sa kallon benci, kuma shekaru ba sa jira. In gobe ba a kira shi ba, zai tafi, kuma ba ya jin zai sake dawowa ya zauna a Gusau.

"Ni bai gaya mini ba," Dalhatu ya ce.

Dogo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Yaushe rabon da ku yi magana, kai da shi?"

Tsoro ne ya kama Dalhatu, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a bakin fili ba. Yana son yaron nan fiye da yadda yake son komai a duniya, kuma bai san ta inda ake faɗa ba.

*

Bai koma gida ba. Ya shiga tsohuwar motarsa ya kama hanyar Bungudu, wajen mahaifiyarsa, Inna Tambaya. Ita ta karɓi Mas'udu tun daga yaye, a ɗakinta ya girma har ya gama firamare.

Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ita da Hauwa, matar ƙaninsa. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon tire. Shi ma Dalhatu ɗan farinta ne, kuma da furfurarsa da komai ba ta taɓa kama sunansa ba. In yana wurin, da Hauwa take magana, ko da bango in Hauwa ba ta nan.

"Hauwa, tambayi baƙon ga mi ya kawo shi da rana tsaka haka. Lahiya?"

Hauwa ba ta ma wahalar da bakinta ba, ta san ya ji. Dalhatu ya zauna a kan turmi ya kwashe komai ya faɗa, yana kallon kaji. Ya yi ƙoƙarin bayyana mata gefen dama da tsaro da jifar nesa, ta ɗaga hannu ta ce a bar ta da wannan, ita abin da ta sani manyan ƙarti ne ke guje-guje da gajeren wando suna jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi. A gaya mata magana ɗaya kawai: tsakanin maigidanta da ɗan mutanen Tsafe, wa ya fi cancanta da wasan jibi? Maigidanta take ce wa Mas'udu, irin wasan kaka da jika.

Dalhatu ya daina kallon kajin. A gaban Alhaji yana iya jera masara, a gaban tsohuwar nan ba ya iyawa.

"Shi ya fi," ya ce. "A wannan wasan dai shi ya fi."

"To mi ya hana?"

"Kunya, Inna. Abin da kunka koya muna."

Inna Tambaya ta ajiye gyaɗar hannunta. Hauwa ta ga haka ta matsa da tiren gefe, don ta san tsohuwa in ta ajiye aiki to magana za ta yi.

"Hauwa, ce mishi kar ya laƙa mini. Ce mishi ni ban taɓa kiran sunanshi ba, gaskiya ne, kuma har in mutu ba ni kira. Amma tambaye shi, ya taɓa dawowa daga gona ya iske na ɗauke akushinshi na ba ɗan maƙwabta don kar a ce ina son nawa?"

Dalhatu ya sunkuyar da kai.

"Suna na hana mishi, ban hana mishi tuwo ba. Shi kuwa ya ɗauke ma yaro abincin bakinshi ya ce kunya ce. Wannan ba kunyarmu ba ce, tsoron bakin mutane ne."

Ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba da ɓara. Can ta ƙara da cewa, ita ba ta aiki kowa ya zama koci ba. Wanda ya ɗauki aikin da sai an yi kira, to ya yi kira, ko ya bar wa masu baki. Kuma in maigidanta ya tafi Legas a kan wannan, kar wanda ya sake zuwa ya zauna mata a kan turmi.

Hauwa ta kawo masa fura, ya sha ba don yana jin daɗinta ba. Da zai tafi ya sake durƙusawa ya yi sallama. Tsohuwar ta ce wa Hauwa ta ce masa ya bi a hankali, kuma ya shiga gari da sauran rana.

*

Kafin ya iso Gusau ya riga ya yanke shawara. Mas'udu zai fara.

Ya iso gida Tudun Wada gab da Magariba. Ga takalman atisayen yaron a ƙofar ɗakinsa na zaure, ga motsinsa a ciki, labule kawai ke tsakaninsu. Kowane uba a duniya da sai ya ɗaga labulen nan ya ce, gobe kai ne. Ko kuwa ya ce wa Saude, uwar yaron, ta aika ƙanwarsa ta gaya masa. Dalhatu ya tsaya, ya yi gyaran murya, motsin ciki ya tsaya cak. Sai ya wuce cikin gida ya nemi buta.

A ganinsa ba daidai ba ne nasa ya ji kafin na mutane. Ranar da Tajuddeen ya shigo Mikiya, mahaifinsa Malam Ahmad da kansa ya kawo shi daga Tsafe, ya kama hannunsa ya sa a na Dalhatu ya ce ga amana. To wanda ya ba ka amana ba a rediyo zai ji ka ajiye ɗansa ka sa naka ba. Sai an je an same shi har gida an yi masa bayani. Haka Dalhatu ya lissafa, kuma wallahi a wajensa wannan shi ne mutunci.

Washegari da hantsi, da ya ga motoci sun fara bin hanya, ya bi ayari zuwa Tsafe.

Ya sami Malam Ahmad a rumfarsa ta bakin titi inda yake sayar da dankali da albasa. Mutumin ya yi murna ƙwarai, ya bar wa maƙwabcinsa rumfar ya ja shi gida, aka shimfiɗa tabarma a zaure. Dalhatu ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi ƙafar Tajuddeen, ya yabi ladabinsa, ya yabi yadda ba ya fashin atisaye, har Malam Ahmad ya fara tsorata ko yaron wani laifi ya yi. Da ƙyar dai ya fito da maganar, ya ce wasan gobe yana buƙatar mai jifar nesa, don haka Tajuddeen daga benci zai shigo, ɗayan ne zai fara.

"Wane ɗayan?" Malam Ahmad ya tambaya.

"Na wajena."

Malam Ahmad ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce yanzu saboda Allah wannan ce ta taso Koci tun daga Gusau, a hanyar nan da kowa ke bi da addu'a? Ya ce shi kansa yana zuwa kallo in ya samu hali, kuma ya daɗe yana mamakin yadda ake ajiye mai hannu irin wannan a benci, har ya zaci ko ciwo gare shi. Ɗa na kowa ne. Tajuddeen yaro ne, gabansa da nisa, in bai fara gobe ba zai fara wata rana.

Dalhatu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya roƙe shi abu ɗaya, kar ya gaya wa kowa sai bayan La'asar, don ƙa'idar ƙungiya ce a fili ake jin suna. Malam Ahmad ya ce bakinsa ƙanin ƙafarsa. Ya hana shi tafiya sai da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka suka ci, suka tafi masallacin Juma'a tare, sannan ya cika masa bayan mota da dankali.

A hanyar dawowa ne ya tuna da abin da ya fi zuwa Tsafe wuya. Ƙa'idar Mikiya ce, ranar jajibirin wasa 'yan wasa su yi sahu a kan layi, koci ya tsaya a tsakiyar fili ya kira biyar ɗin farko ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa ya tako gaba. Ba a aike, ba a nuni da hannu. Dalhatu da kansa ya kafa wannan ƙa'idar, lokacin bai san za ta zo ta kansa ba.

Ya ɗaga gilashin mota, shi kaɗai, ya gwada. Harshen ya ƙi. Ya wuce shingen jami'an tsaro ya sake gwadawa, sunan ya fito a hankali kamar na mai raɗa. Babban mutum da gemunsa, yana tuƙi yana koyon sunan ɗan da ya haifa. Ni kaina da nake ba ku labari ban san dariya zan yi ko tausayi ba.

*

Ya iso fili ana idar da La'asar. Yara sun riga sun yi sahu. Alhaji Ibrahim na zaune a gefe kan kujerar roba, 'yan kallo sun taru a bayan shingen waya, don gari ya san yau ake yanke maganar gefen dama.

Dogo ya taho da sauri ya tare shi.

"Koci, tsaya, akwai magana."

"Bari in gama."

"Koci, ai maganar..."

"Dogo, in na tsaya ba ni iyawa. Matsa."

Ya wuce shi ya tsaya a tsakiya. Kamar kullum ya karkata fuskarsa hagu. Mas'udu a ƙarshen sahu ta dama yake tsayawa, wurin da shi ya zaɓa wa kansa tun ranar farko don kar idonsu ya haɗu, kuma Dalhatu bai taɓa duban wannan ƙarshen ba.

Ya kira na farko, aka amsa aka tako. Na biyu, na uku, na huɗu. Muryarsa garau, irin wadda ake ji har bakin titi.

Saura gefen dama. Dalhatu ya kafa ido a kan ƙarfen kwando, ya ja numfashi, ya yi bismillah a zuci.

"Mas'udu."

Wani a bayan waya ya yi salati. Alhaji ya miƙe tsaye daga kujerarsa.

Ba a amsa ba.

Dalhatu ya zaci muryar ce ba ta kai ba. Ya ƙara ƙarfi, wannan karon har ta fashe.

"Mas'udu!"

Shiru. Sai a lokacin ya juya ya dubi ƙarshen sahu ta dama. Ba kowa a wurin.

Tajuddeen ne ya tako, ya ce Koci ya yafe masa. Da hantsi ƙanwarsa Sa'adatu ta kira shi daga gida tana murna, ta ce ga kocinsu ya zo har zaure ana ta dariya da Baba, an ma ɗora tuwo. Shi kuwa da ya ji haka sai ya ɗauka albishir aka kai, ya shiga ɗakin canza kaya yana gaya wa kowa. Mas'udu na wurin yana ɗaure takalmi. Ya tashi ya ba shi hannu ya ce Allah ya sa alheri, ya kwance takalmin ya fita.

Dogo ya ce abin da yake ta son faɗa ke nan. Yaron ya biyo ta gidansa da jaka, ya ce ba sai ya tsaya a sahu an kira wani a gabansa ba, ya riga ya ji amsarsa. Ana saukowa daga Juma'a motarsu ta tashi. Shi Dogo ya yi ta kiran wayar Koci ba ta shiga.

Dalhatu ya lissafa. Hanyar kudu ta Tsafe take bi. Ashe a kan titi suka yi saɓani, shi yana dawowa yana koyon sunan, mai sunan yana wucewa ta ɗaya hannun. Ya je Bungudu ya gaya wa uwarsa, ya je Tsafe ya gaya wa uban wani, yaron da ke bayan labule ɗaya da shi ne kaɗai bai gaya wa ba.

"Kira shi," in ji Alhaji. "Ba su kai Funtua ba. In ya sauka yanzu zai samu motar dawowa."

Dalhatu ya ciro wayarsa ya tsaya yana kallonta. Babu lambar a ciki. Bai taɓa ajiye ta ba, don ajiye lamba sai an rubuta suna.

Dogo ya ciro tasa wayar. Ya danna lambar yaron, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ya ɗora masa a tafin hannu. Tana ta ƙara, yara sun zagaye su, ba mai motsi. Har ta kusa tsinkewa sannan aka ɗauka, ƙarar injin mota ta cika filin.

"Baba Dogo, don Allah ka yi haƙuri, na riga na..."

"Mas'udu," Dalhatu ya ce.

Maganar ta tsaya. Sai ƙarar mota kawai, da kukan wani jariri a kujerar baya. Aka daɗe a haka, har Dogo ya leƙa ya ga ko ta katse.

Can muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Wa ke magana?"